Ƙiba a shekarun ɗaukewar al'ada: yadda wata malama a Birnin Kebbi ta yi da motsa jiki a cikin gida

Wace ce ita

Matar da wannan bayani ya shafa malamar firamare ce a Birnin Kebbi. Ta yarda a rubuta abin da ya same ta bisa sharaɗin a sakaya sunanta da unguwarsu, don haka Malama kawai zan kira ta. An haife ta a 1975, 'ya'yanta shida, tsawonta santimita 160. A katin awon cikin autarta, tun cikin yana ƙarami, an rubuta mata kilo 67. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma a Fabrairun 2024 na fara ganinta. Abin da ya gabaci wannan lokaci daga bakinta na ji shi.

Abubuwa biyu suka canza mata a 2021. Na farko, an naɗa ta shugabar makaranta. Wadda ta saba wuni a tsaye gaban allo ta koma zaman ofis, tafiyar minti 20 da take yi a ƙasa zuwa makaranta kuma ta ƙare, domin ɗanta ya fara kai ta a babur. Na biyu, babban ɗanta ya yi aure, amarya ta tare a wani sashe na gidan. Shara, wanki, jan ruwa a rijiya, dakan kayan miya, tuƙin tuwo, duk suka bar hannunta. Ko tsintsiya ta ɗauka sai wata ta taso da gudu: "Haba Inna, muna zaune ki yi shara?" Wannan girmamawa ce, kuma ta cancanta. Amma a lissafin jiki, awowi da yawa na motsi ne suka fita daga yininta ba tare da wani abu ya maye gurbinsu ba, abincin kuwa bai ragu ba.

2022 zuwa tsakiyar 2023: al'ada ta fara rikicewa

A 2022 al'adarta ta fara yi mata wasa. Ta yi wata biyu ba ta gani ba, sannan ta zo sau biyu a wata ɗaya. Karo na farko ta zaci ciki ne, ta yi gwaji, babu. Sai gumin dare ya biyo baya: ta farka cikin dare rigarta sharkaf, zafi na tasowa daga ƙirji zuwa fuska. Ta ɗora laifin a kan zafin gari da rashin wuta, har hunturu ya shigo, kowa na neman bargo ita tana fifita. Barci ya zama guntu-guntu. Da rana kasala, da la'asar kwaɗayin abu mai zaƙi da sanyi, sai ta aika a sayo mata lemon kwalba, kusan kullum.

Ba sikeli ne ya fara faɗa mata ta yi ƙiba ba, tela ce. Riguna uku aka kai buɗawa a wata ɗaya, duk a ciki da ƙugu, hannu da ƙafa kuwa suna nan yadda suke.

Yawancin mata al'adarsu na ɗaukewa tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an cika wata 12 a jere babu jini. Shekarun da ke gabanin haka su ne Malama take ciki. A lokacin sinadarin isturojin da ƙwayayen haihuwa ke fitarwa yana hawa da sauka, daga baya ya yi ƙasa, kitsen da a da yake taruwa a cinya da ɗuwawu sai ya koma ciki. Wani dogon bincike da ake kira SWAN, wanda aka fara ɗaukar mata fiye da 3,000 a cikinsa a Amurka a 1996, ya nuna cewa nauyin mace na hawa a hankali a tsakiyar rayuwa saboda shekaru, amma wajen shekara biyu kafin al'adar ƙarshe taruwar kitse na ƙara sauri, tsoka kuma na raguwa. Shi ya sa surar mace kan canza fiye da yadda lambar sikeli ke nunawa.

Satumba zuwa Disamba 2023: shayi, ɗamara da yunwa

Abin da ta fara gwadawa shi ne shayin rage tumbi da wata ke tallarsa a zauren WhatsApp na matan unguwa. Babu lambar NAFDAC a jikin ledar, babu jerin abin da aka haɗa. Yadda ta kwatanta aikinsa, murɗar ciki da zawo sau da yawa a yini, ya yi kama da na filasko, wanda ake yawan sa wa irin wannan shayi. Cikin kwana 10 sikelin kemis ya nuna ta sauke kilo 2. A kwana na 12 jiri ya ɗebe ta tana ɗagowa daga ruku'u, ta dafa bango. Ta bar shayin, kuma kafin mako biyu kilo biyun sun dawo, domin ruwan jiki ne ya fita, ba kitse ba.

Ta sayi ɗamarar roba mai matse ciki, tana ɗaurawa ƙarƙashin riga. Ta yi gumi, ƙuraje suka feso mata, awon ƙugu bai motsa ba. Sai ta koma ga barin karin kumallo da abincin rana. Wannan ya fi daɗewa, wajen mako shida. Tana dawowa daga makaranta a galabaice, ta sha lemo, da dare ta ci malmala biyu ko uku ta tuwon shinkafa, ta kwanta a kai. Nauyi bai sauka ba, faɗa da yara ne ya ƙaru.

Janairu 2024: bidiyon waya

Ɗiyarta da ke jami'a ta zo hutu da wani bidiyo na motsa jiki na kwana 30: tsallen igiya, tsalle ana buɗe ƙafa da hannu, kwanciya a tashi zaune don a ƙona tumbi. Matan da ke cikin bidiyon 'yan mata ne. Suka fara a tsakar gida da yamma, yaran gida da na maƙwabta suka jeru suna kallo suna dariya.

A rana ta huɗu gwiwarta ta dama ta kumbura. Ta kasa zaman tahiya, ta koma salla a kan kujera. Akwai kuma abin da ba ta gaya wa kowa ba sai daga baya: duk tsallen da ta yi sai fitsari ya ɗan zubo. Ga mace mai kula da tsarkinta wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ne ainihin abin da ya sa ta ce ita da motsa jiki har abada. Matan da suka yi haihuwa da yawa suna fama da shi sosai, raguwar isturojin na ƙara shi, amma da wuya a ji wata ta ambata ko a gaban likita.

Fabrairu 2024: awon farko a asibiti

Gwiwar ce ta kawo ta. Da na ɗora ta a sikeli ta ce, "Sista, wallahi ban ƙara cin komi ba, amma zanena ba shi zagayo ni kamar da." Abin da aka samu a ranar: nauyi kilo 82, ƙugu santimita 98, an auna tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso bayan ta sauke numfashi, hawan jini 146 bisa 92, sukarin jini kafin karin kumallo 6.1. Daga kan kujera ba tare da dafawa ba, ta iya tashi ta zauna sau 9 cikin daƙiƙa 30.

Ga mace, ƙugun da ya wuce santimita 88 yana tafe da ƙarin haɗarin ciwon sukari da ciwon zuciya. Wata hanya mai sauƙi ita ce kada ƙugu ya wuce rabin tsawon mutum, wanda ga Malama santimita 80 ke nan. Sukari 6.1 bai kai ciwon sukari ba, wanda ke farawa daga 7.0, amma ya bar inda ya kamata ya tsaya.

Likita ya duba gwiwar ya ce farkon zaizayar gaɓa ce, tsalle ya tayar da ita. Ya hana tsalle, bai hana tafiya ba. Bayan mako biyu aka sake auna jini, ya nuna 148 bisa 94, aka ɗora ta a kan ƙwayar hawan jini ɗaya a rana. An kuma gaya mata cewa muddin ba a cika wata 12 ba ciki na iya shiga, kuma idan jini ya yi yawa ko ya daɗe ta dawo, kada ta ce ai shekaru ne.

Maris zuwa Afrilu 2024: azumi da bazara

Azumi ya kama a ranar 11 ga Maris, a tsakiyar lokacin da zafin Birnin Kebbi ke haura maki 40. Ba a fara komai mai nauyi ba. Abin da aka ba ta shi ne tafiyar minti 10 a tsakar gida bayan tarawihi, da miƙe ƙafa tana zaune a kujera, ta riƙe ta ƙirga biyar ta sauke, don ƙarfafa tsokar cinya da ke riƙe gwiwa. Ranar jajiberin salla nauyinta 80. Ƙarshen Afrilu ya koma 82 da rabi. Gwiwar dai ta lafa, ta koma salla a ƙasa.

Mayu zuwa Yuli 2024: tsarin da aka zauna a kai

Kafin a zaɓi motsin da za ta yi, sai da aka fara tambayar ina da yaushe. Ta ce ba za ta sake yin komai a gaban surukarta da yara ba, kuma ba za ta fita titi tana sauri mutane na kallonta ba. Filin motsa jiki na kuɗi bai ma shigo zancen ba. Abin da ya rage shi ne tsakar gida bayan sallar asuba, kafin gida ya tashi, da kuma ɗakinta idan ta tura ƙofa.

Tafiyar ta fara da minti 10, daga bakin zaure zuwa madafa ta dawo, ana ƙara minti 5 duk mako biyu har ta kai 30, kwana biyar a mako. Ma'aunin saurin shi ne ta iya magana amma ta kasa jan dogon karatu ba tare da ta tsaya shan iska ba. Ita ta kawo dabarar yin azkar ɗin safe tana tafiya, wanda da a zaune take yi. Wannan ya fi duk wata shawara da muka ba ta amfani, domin abin da ba ta taɓa bari ba ne ya ja sabon abu ya tafi da shi.

Aikin tsoka kuwa Talata da Asabar ne, saboda takan yi azumin Litinin da Alhamis. Minti 20 zuwa 25 a ɗaki. Tana tashi ta zauna a kujerar katako mai ƙarfi da aka jingina da bango, sau 8, ta huta, ta sake. Tana dafa bango da tafin hannu biyu ta kai ƙirji kusa ta tura kanta baya. Tana ɗaga gorar ruwa ta lita 1 da rabi a kowane hannu daga kafaɗa zuwa sama, sannan ta sunkuya kaɗan, baya a miƙe, ta jawo gorar zuwa ƙugu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka babu buƙatar sayen ƙarfe. Tana kwanciya rigingine a tabarma, gwiwa a lanƙwashe, ta ɗaga ƙugu sama ta sauke. Daga mako na biyar aka ƙara hawa da sauka a dakalin ƙofar ɗaki, tana dafe da bango. Saboda hawan jini, an ja mata kunne kada ta riƙe numfashi, ta riƙa fitar da shi a daidai lokacin da take yunƙuri. Ƙa'idar ƙari guda ce: ranar da sau 12 ya zo da sauƙi, a ƙara nauyi. A haka ta tashi daga gora zuwa jarkar lita 5 da take rungumewa a ƙirji tana tashi daga kujera.

Don matsalar fitsari aka koya mata matse tsokar ƙasan mara kamar mai riƙe fitsari, ta ƙirga biyar ta saki, sau 10, sau uku a rana. Ta haɗa shi da zaman bayan sallar azahar, la'asar da isha'i.

Jimillar wannan ta yi daidai da abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya a 2020: aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu.

Ƙarshen Yuni, bayan mako takwas, ta hau sikeli: 81 da rabi. Ta ce, "Sista, wata biyu ina wahala don kilo guda? Gara in bari." Aka ɗauko tef. Ƙugu ya sauka daga 98 zuwa 95. Tashi daga kujera ya kai 13 a daƙiƙa 30. Da aka tambaye ta sai ta tuna cewa ta daina dafa ƙasa idan za ta miƙe daga sujada. Aka yi mata lissafi a takarda: tafiyar rabin awa ga mai nauyinta tana ƙona wajen kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 140 zuwa 150, kwalbar lemo ta santilita 35 kuma tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9, kusan kalori 150. Ta daɗe tana kallon takardar. Aka yi yarjejeniya ta bar sikeli sai sau ɗaya a wata, tef ma haka, ta aro na telarta.

Agusta zuwa Disamba 2024: tukunya, barci da tsaiko biyu

Ba a raba mata tukunya ba, domin gida mai mutum fiye da goma ba ya ɗaukar girki biyu. Kwanonta aka gyara. Malmala biyu ta koma ɗaya, miya ta ƙaru, musamman ta ganye. Karin kumallo ya dawo: alala, ko ƙwai, ko wake, da kunu marar sukari. Kwaɗon zogale ko na rama ya shiga abincin rana. Kifi, wanda Kebbi ba ta rasa shi daga Argungu har Yauri, ya riƙa shiga miya idan aljihu ya ba da dama, idan bai ba da ba awara da gyaɗa da nono suna nan. Dalilin wannan shi ne tsoka ba ta ginuwa da tuwo zalla. Lemon kwalba ya koma na ranar biki. Fura ta ci gaba da sha, ludayin sukarin ne ya fita. Abincin dare ya dawo bayan magariba maimakon ƙarfe goma, shayi kuma ba ya wuce la'asar.

Surukar da take jin kunya ita ta zama mai taimaka mata. Da ta gane abin da ake ciki sai ta fara auna mai da cokali, ta kuma bar wa Inna shara da ban ruwan shuke-shuken bayan ɗaki ba tare da ta ƙwace tsintsiya ba.

Wahalar da ba a yi tsammani ba daga waje ta zo. Da fuskarta ta fara faɗawa, mata a wurin suna suka fara tambaya ko lafiya, wata ta ce ko Malam ne zai ƙara aure. Shi kansa maigidan ya ce, "Hajiya, ko dai a koma asibiti?" Sai da ta nuna masa katin awon jini ya kwantar da hankali. A wurinmu cikar jiki ga babbar mace alama ce ta kwanciyar hankali, kuma wadda ta fara raguwa sai ta shirya amsa.

A Oktoba zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ita, ta yi mako uku ba ta yi komai ba. Ta dawo da rabin abin da take yi, gora maimakon jarka, minti 15 maimakon 30, cikin mako uku ta koma inda take. A Disamba aka aurar da ɗiyarta, gida ya cika da baƙi, mako biyu suka tafi, kilo ɗaya ya dawo. Ta sake farawa daga rabi.

Fabrairu da Yuli 2025: sakamako

Shekara ɗaya bayan awon farko: nauyi kilo 76, ƙugu santimita 89, hawan jini 130 bisa 82 tana kan magani, sukari 5.4, tashi daga kujera sau 16. Zubar fitsari ta ragu ƙwarai, sai idan ta yi atishawa mai ƙarfi. Gwiwa takan yi mata tsami idan ta daɗe a tsaye, amma ba ta sake kumbura ba. A azumin 2025, wanda ya fara 1 ga Maris, ta mayar da tafiya da aikin tsoka bayan tarawihi, ta rage yawansu, ba ta tsaya ba.

Al'adarta ta ƙarshe ta zo a Yunin 2024, don haka a Yulin 2025 aka tabbatar ta ɗauke. Nauyi a lokacin 75 da rabi, ƙugu 88. Gumin dare ya ragu amma bai tafi ba.

Abin da na gani a wannan lamari

Shayi da ɗamara da yunwa sun gaza ne domin babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa abin da ya canza a jikinta. Yunwa ma ƙara ɓarna take yi a wannan shekaru, domin idan mace ta rame ba tare da aikin tsoka ba, har da tsokar take asara, ita kuwa dama tana raguwa. Bidiyon waya ba ƙarya ba ne, an dai yi shi ne don gwiwa da mara na 'yar shekara 20. Kwanciya a tashi zaune kuma yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya zaɓar kitsen ciki ya ƙona shi.

Motsa jiki shi kaɗai bai sauke mata nauyi sosai ba, kuma ya kamata a gaya wa mata wannan tun ranar farko, don kada su bari a mako na takwas kamar yadda ta kusa yi. Kusan duk kilon da ya tafi, bayan an gyara kwano ne ya tafi. Abin da motsin ya yi shi ne ya tsare tsoka, ya rage ƙugu, ya gyara gwiwa, ya taimaka wa sukari, kuma irin wannan aiki na ɗaukar nauyi yana taimaka wa ƙashi, wanda ke saurin yin rauni bayan ɗaukewar al'ada. Saukar hawan jinin ba zan jingina ta ga motsa jiki kaɗai ba, tunda tana shan magani, kuma ba ta bar shi ba.

Kilo 6 cikin 82 ya ɗan haura kashi 7 cikin 100. Ga mai neman komawa kilo 67 wannan kaɗan ne. Amma a babban binciken rigakafin ciwon sukari na Amurka da aka wallafa a 2002, masu sukari a bakin iyaka da aka sa wa burin sauke kashi 7 da motsi na minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100. Malama tana cikin irin waɗannan mutane, kuma abin da ya fi damuna game da ita tun farko sukarin ne, ba zanen ba.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne cewa tsarin ya shiga cikin gidan yadda gidan yake. Bai nemi kuɗi ba, bai nemi ta zubar da girmanta gaban suruka ba, ya rataya a jikin lokutan salla, kuma yana da hanyar dawowa bayan ciwo ko biki. Da an ba ta takarda mai cewa ta yi gudu minti 30 a titi, da takardar tana cikin jaka har yau.

Akwai sauran aiki. Ƙugu 88 yana bakin iyaka, bai kai 80 ba, kuma mai yiwuwa ba zai kai ba. Gumin dare ba abin da za a dogara ga motsa jiki ya kawar ba ne. Akwai maganin maye gurbin sinadarin da ya ragu, wanda likita ne ke duba wadda ya dace da ita, kuma an tura ta ta tattauna da likitan mata. An kuma jaddada mata cewa daga yanzu ko ɗigon jini ta gani ta zo asibiti a makon, kuma idan tana motsi ta ji ciwon ƙirji, jiri ko numfashi ya sarƙe, ta tsaya nan take a kawo ta.